Cokali Mai Yatsu A Bakin Tafkin Bagauda

 Yau ba girki na kawo muku ba, ba kuma haɗin turaren wuta ba. Unguwa za mu, don haka kowacce ta jawo gyalenta.

Abin da ya tayar da zancen shi ne, kwanan baya ina zaune kan dadduma bayan sallar isha'i sai ga hotuna suna ta shigowa wayata, 'yata ta biyu ce ta turo daga Amurka inda mijinta yake aiki. Ashe hutu suka samu, ya kwashe su ita da yara sai jihar Filorida, wani makeken filin wasa na kamfanin Disney da ake kira Epcot, kusa da birnin Orlando. Ban gama kallo ba sai ga kiranta, tana ta zumuɗi: "Umma, yau fa a Faransa na ci abincin rana, kuma ko jirgi ban hau ba!"

Na ce, "Ke dai ba kya girma. Yaya aka yi haka?"

Nan ta shiga zuba mini labari. Shi wannan wuri tun 1982 aka buɗe shi. A tsakiyarsa akwai tafki, a kewayen tafkin kuma an gina unguwanni 11, kowacce da sunan ƙasa guda da irin gininta da abincinta. Ga Maroko, ga Japan, ga Sin, ga Italiya, ga Jamus, har a zo kan Faransa, inda aka kafa ɗan ƙaramin kwaikwayon doguwar hasumiyar ƙarfen nan ta birnin Faris. A nan gidan abincin yake, sunansa Les Chefs de France, wato gwanayen girkin Faransa, wanda wasu mashahuran masu girki uku suka kafa, cikinsu har da Paul Bocuse da ya mutu a 2018. Ta ce na kusa da teburinsu dodon koɗi aka kawo musu da bota da tafarnuwa suna ta santi, na ce Allah ya raba mu. Su kuwa kifi suka nema, bayan sun tambaya sun tabbatar ba giya ba alade a cikin girkin.

"Amma Umma," in ji ta, "da kin ga cokula da wuƙaƙen da aka jera mini, wallahi rasa na ɗauka na yi, sai da baban yara ya raɗa mini a kunne."

Na yi dariya har da riƙe ciki, can kuma sai na ji hawaye yana bin kumatuna. Ta ce, "Umma lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Abbanku na tuna." Domin kuwa ni ma an taɓa zaunar da ni a bakin tafki aka jera mini cokula, ba a Amurka ba, nan ƙasar Bebeji.

Ni 'yar Kiru ce, can aka haife ni, can na yi firamare. Ba zan ɓoye muku ba, aurena da Malam ba auren soyayya ba ne. Ina da wanda nake so, amma Baba ya riga ya yi wa amininsa na Bebeji alkawarin zai ba ɗansa ni, wani malamin makaranta da yake koyarwa a birni. A wancan zamani in uba ya yi magana ta zauna. Ƙarshen 1986 aka ɗaura, aka kai ni wani ɗan gidan haya a Kano ina kuka kamar raina zai fita. Wata uku muka yi, tsakanina da shi sai "ina kwana" da "ga abinci". In ya shigo ɗaki in fita tsakar gida, in ya fito in koma ɗaki. Bawan Allahn nan bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai kuma taɓa kai ƙarata gida ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan, don na so a ce ya yi mini laifin da zan kama in yi yaji.

Wani daren Juma'a a cikin sanyin farkon 1987 ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Amarya, gobe ki shirya da wuri, za mu fita."

Na ce, "Kiru?"

Ya ce, "A'a, Bagauda."

Gabana ya faɗi. Bagauda fa otal ne. A kunnen irinmu 'yan ƙauye a lokacin, otal wurin Turawa ne da Kwarori da manyan 'yan boko, in ba haka ba kuwa sai matan da suka fi ƙarfin iyayensu. Maƙwabciyata da ta ji sai ta kama haɓa ta ce, "Matar aure a otal? Lallai zamani ya zo." Duk da haka da gari ya waye na buɗe akwatin lefe na ɗauko atamfa 'yar Holan, na sa sarƙa da ɗan kunne, na shafa turare, ina ce wa raina ba don shi na yi ba, don kada a raina ni ne.

Mota ya aro wurin abokinsa, Fijo 504. Muna fita ta Na'ibawa ya fara ƙoƙarin jan hira, wai motar nan 'yar Faransa ce amma a Kaduna ake haɗa ta. Na yi masa shiru. Hazo ya rufe ko'ina, itatuwa duk sun yi furu-furu, ciyawa ta bushe. Muna isa wajejen Kura sai na ga abin da ya sa na gyara zama: gonaki shar da su a tsakiyar rani, alkama kamar an shimfiɗa koren bargo, ga tumatir ga albasa, ga ruwa yana gudu a cikin magudanai ba girgije ko ɗaya a sama. Ban san lokacin da na ce, "Wannan ruwa daga ina?" ba. Tambayar farko ke nan da na taɓa yi masa tun da aka kawo ni gidansa.

Ai kuwa malamin makaranta ya samu ɗaliba. Ya ce daga Tiga yake, aikin marigayi Audu Bako ne, ɗan sandan da ya yi gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, wanda ya ga cewa ƙasar da ruwan samanta bai wuce wata huɗu ko biyar ba dole ta koyi ajiye ruwa. Shi ya datse Bagauda, ya datse Tiga, shi kuma ya gina gidan namun dajin nan na birni. Ya ce a shekarar nan ma gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga waje, shi ya sa manoman Kura da Kadawa suka duƙufa a kanta. Muka saki titin Zariya muka kama hanyar da ke miƙewa Jos, ba mu yi nisa ba sai ga mu a ƙofar otal.

Mai karatu, ni dai kafin ranar ruwan da na sani shi ne na rijiya da na rafi. Da na hango tafkin Bagauda shimfiɗe, iska na kaɗa shi, tsuntsaye farare na shawagi a kansa, ga ƙananan gidajen baƙi a warwatse cikin itatuwa, sai na ji kamar ba a ƙasar Kano nake ba. Malam ya ce sunan na sarkin Kano na farko ne, Bagauda ɗan Bawo jikan Bayajidda, wanda littafin tarihin Kano ya ce ya hau sarauta a shekara ta 999. Muka ɗan zaga bakin ruwa, yana gaba ina baya da taku biyar, har azahar ta yi muka yi salla, sannan ya ce mu je mu ci abinci.

To a nan fa gizo yake saƙa. Ɗakin cin abincin ya fi masallacin unguwarmu girma, tebura a lulluɓe da fararen ƙyallaye, ga Turawa, ga Indiyawa, ga Alhazai da matansu 'yan gayu, kowa yana magana ƙasa-ƙasa, ba ka jin komai sai ƙarar cokali a kan tangaran. Wani sabis cikin farar riga da ɗan baƙin ƙulli a wuya ya tarye mu, muna isa tebur ya ja kujera baya. Na zaci ɗauke ta zai yi, sai na matsa na ba shi hanya. Malam ya ce a hankali, "Ke ya ja wa, zauna."

Aka miƙo mana takardar jerin abinci. Ni da Turancina na firamare ban gane komai ba sai kaza da shinkafa. Malam ya bi ta da yatsa yana cewa rabin kalmomin nan ma ba Turancin Ingila ba ne, na Faransa ne, don su ne suka koya wa Turai wannan tsari. Ya ce ita kanta kalmar restaurant tasu ce, ma'anarta abin da ke maido da ƙarfin jiki. A birnin Faris aka fara, a shekarun 1760, wasu masu sayar da romon nama ga marasa ƙarfi suka zo da sabon salo: kowa da teburinsa, kowa ya zaɓi abin da yake so, ya zo a lokacin da ya ga dama. A raina na ce ashe duk wannan fankama daga farfesun mai jego ta samo asali.

Aka fara kawo wata miya mai ruwa-ruwa a faffaɗan faranti, da ɗan burodi da bota a gefe. Na naɗe hannu ina jiran tuwo. Shiru-shiru ba tuwo, har Malam ya kusa shanye tasa, sannan na gane miyar ita kaɗai ake sha. Ban kai rabi ba aka ɗauke, aka dire mini gasasshiyar kaza da soyayyen dankalin Turawa da karas da ganyen latas. Na saci kallon mutane, na ga kowa wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu, kuma da hagun suke kai loma. Ni da Inna ta sha dukan hannuna ina yarinya a kan cin abinci da hagu! Na juya su, cokali a dama wuƙa a hagu, na yi bisimilla na danna cinyar kazar nan da ƙarfina.

Kai jama'a! Sai gani na yi cinya ta yi tsalle ta tsallake tebur ta sauka a ƙirjin farar shaddar Malam, ta gangaro ta faɗi ƙasa, ta bar masa sawun mai tun daga wuya har aljihu. Wata 'yar gayu a teburin kusa ta ƙyalƙyale da dariya tana taɓa ƙawarta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na tabbata zai biyo baya, wato harara, ko tsaki, ko a ce da ni baƙauyiya. Har na fara shirya maganar da zan faɗa wa Baba in na isa Kiru.

Sai na ji ƙarar an ajiye wuƙa. Malam ya ɗaga hannu ya kira sabis ya ce, da muryar da na kusa za su ji, "Don Allah a taimaka mana da ruwan wanke hannu, ni cokalin nan ya ishe ni." Sabis ɗin, Allah ya saka masa da alheri in yana raye, ya kawo kwano da ruwan ɗumi da tawul, ya sunkuya ya ɗauke ta ƙasa kamar ba abin da ya faru, ya ce da Hausa, "Ranka ya daɗe, ai dama kaza da hannu ta fi daɗi." Malam ya naɗe hannun riga ya yagi tasa kazar gida biyu, ya sa mini babban rabin a farantina, ya shiga ci da hannu a gaban Turawa da 'yan gayu ko a jikinsa.

Can ya matso ya ce, "Amarya, in gaya miki gaskiya? Sati biyu na yi ina koyon cokalin nan a ɗakin malamai, da rogo nake gwadawa. Jiya ma sai da rogon ya tsallake taga."

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, na toshe baki da gyale ina yi har da ƙwalla. Ya tsaya yana kallona ya ce, "Ashe kina da wushirya." Wata uku muna gida ɗaya bai taɓa ganin haƙorana ba.

Da aka kawo takardar kuɗi na ga ya ɗan juya gefe yana ƙirga, ya sake ƙirgawa. Ban kawo komai a raina ba. Sai bayan makonni na lura rediyonsa mai kaset, wanda ba ya kwana bai ji labaran duniya a cikinsa ba, bai dawo daga wurin gyaran da ya ce ya kai shi ba. Abokinsa mai motar ne ya tona, ashe sayar da shi ya yi.

Gaskiya dai abincin bai ƙosar da mu ba, don haka da la'asar ya ce mu ƙarasa Tiga. In Bagauda tafki ne, Tiga kam sai a ce teku. An yi aikin datse Kogin Kano a nan daga 1971 zuwa 1974, tsawon madatsar ya kai wajen kilomita 6, tsayinta mita 48, ruwan da ta tara kuwa ya mamaye murabba'in kilomita 178, ba ka hango ɗaya gaɓar. A kan dutse ga otal ɗin Rock Castle yana kallon ruwan kamar fadar wani sarki. Mu dai ƙasa muka gangara wurin masunta, inda mata suke suyar kifin da aka fito da shi yanzu-yanzu. Ya saya mana karfasa da zafinta a cikin takarda, aka barbaɗa yaji, muka samu wani dutse muka zauna, kwale-kwale suna dawowa ɗaya bayan ɗaya.

A nan ya yi maganar da har in mutu ba zan manta ba. Bai dube ni ba, ruwa yake kallo. Ya ce, "Na san ba ni kika zaɓa ba. Ban kawo ki nan don in saye ki da kaza ba. In har zaman nan cuta ne a gare ki, ki faɗa mini, ni zan je in samu Baba da kaina, in ce laifin nawa ne, ba wanda zai zage ki."

Ga ƙofar da na yi wata uku ina nema an buɗe mini ita. Na dubi sawun man da ke ƙirjin rigarsa, na tuna yadda ya ajiye wuƙar nan. Na ce a raina, namijin da ya sayi kunyata da tasa a gaban baƙi, ina zan samu irinsa? Bakina ya yi nauyi, ban iya cewa komai ba. Sai na ɗauki tsokar kifi na zare ƙayar tsaf, na miƙa masa. Ya karɓa ya ci. Ba mu sake tayar da zancen ba har Allah ya raba mu, shekara 34 da 'ya'ya bakwai.

A daminar 1988 ina goyon 'yar farinmu aka yi ruwan da ya fasa madatsar Bagauda, ya ci gidaje da gonaki da rayuka. Ranar da muka ji labari Malam ko abincin dare bai ci ba. Amma yawo bai fasa ba, duk hutun makaranta sai ya ƙulla ɗan abin da ya ƙulla ya fitar da mu. Mun je Tudun Wadan Dankadai mun auno shinkafa, mun ratsa dajin Falgore yara suna ihu suna nuna birai a bakin titi, mun hau har Riruwai ta ƙasar Doguwa, garin duwatsu da tsofaffin ramukan haƙar kuza, inda sanyin safiya yake sa ka manta a Kano kake. Ba mu sake shiga ɗakin cin abincin Turawa ba. Dambun nama da soyayyar kaza nake ƙullawa daga gida, mu shimfiɗa tabarma a inuwa.

Shi kuwa otal ɗin Bagauda, tun farkon shekarun 2000 ya zama reshen Kano na makarantar horar da lauyoyi ta ƙasa. Cikin ikon Allah a 2023 can aka tura autanmu, shekara biyu bayan rasuwar Abbansu. Na shirya masa dambu na sa yayansa ya kai ni. Ruwan yana nan, iskar tana nan, sai dai maimakon baƙi, samari da 'yan mata ne cikin baƙi da fari suke kai da kawowa rungume da littattafai. Muna zaune autan yake ba ni labari wai akwai wata al'ada da aka gado daga lauyoyin Ingila, dole kowane ɗalibi ya halarci liyafar cin abinci sau uku cikin shiga ta musamman kafin a rantsar da shi lauya. Ya ce, "Umma, ni duk jarrabawar ba ta ba ni tsoro kamar wuƙa da cokalin nan." Na dube shi, kamarsu ɗaya da ubansa har wurin sosa ƙeya. Na ce, "Samo rogo in koya maka."

To iyayen gida, ga ku ga Allah. Ba sai kun kai mu Filorida ba, ba kuma sai kun sayar da rediyo ba. Daga birni zuwa Tiga ba ta kai tafiyar awa biyu ba, kifi yana nan ana soyawa. A tafi da rana a dawo da rana, in kuma za a zarce wajen Falgore a tambayi 'yan gari halin da hanya take ciki tukuna. Mace ta yini tsakanin murhu da wanki shekara da shekaru, rana ɗaya da aka fitar da ita aka ce zauna a kawo miki, ba ta manta ta har abada. In kuma ta yi kuskure a gaban mutane, to nan ne za ta san wanda take aure. Ku ma 'yan uwana mata, in an fita da ku kada ku tsaya ƙirga abin da aka kashe wa wata, ku dubi abin da naku ya hana kansa.

Ita dai 'yar tawa na ce ta riƙe mijinta da kyau, tunda raɗa mata ya yi bai yi mata dariya ba. Shaddar nan kuwa tana nan a ƙasan akwatina, wanki ya kai goma sawun man bai fita ba, ni ma daga baya na daina ƙoƙarin fitar da shi. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in mai duka ya kai mu.